Minsharin da Ya Hau Kaset Ɗina

Sallama gare ku, masu bina a wannan shafi, har da waɗanda yau ne suka faɗo ciki. Masu cewa na cika jan zance ku yi haƙuri, abin da zan faɗa yau ba ya faɗuwa a tsaye.

Ni ce Ajaratu. Lokacin da abin ya faru ban kai ashirin da biyar ba, bazawara ce ni mai 'ya ɗaya, ina zaune a ɗakin Gwaggo Hussainatu, ƙanwar mahaifina, a sabon Zongo na Agoè. Ba a daɗe da tashinmu daga tsohon Zongo na cikin Lomé ba, aka watso mu bayan gari, kowa ya kafa abin da ya samu. Bangon ɗakinmu katako ne da langa-langa. In maƙwabci ya yi atishawa, kai za ka yi masa addu'a daga kan gadonka. Mijina Alassani direba ne, hatsari ya ɗauke shi a hanyar Atakpamé tun Meimuna tana goye.

To, Meimuna. Shekararta shida, amma in ka gan ta sai ka ce huɗu. Siririya, ido a zurme, baki kullum a buɗe, yawu na bin haɓa. Kuma tana minshari. Ba irin ɗan gurnanin da yara ke yi in suna mura ba, minshari nake faɗa muku irin na ƙaton da ya wuni yana dako. Sai ta ja, ta ja, sai kuma ka ji ɗif. Ƙirjinta na ɗagawa yana sauka amma iska ba ta shiga, har leɓenta ya fara canza launi. A nan ne nake sa hannu in juya ta kan haƙarƙari, in ɗaga mata haɓa, sai ta shaƙi iska da wani irin ƙara kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Haka nake yi kowane dare tun tana 'yar uku. Ni na san rabona da barci mai nauyi.

Da safe ta tashi da ciwon kai, tabarma a jiƙe. Da rana kuwa ba mai iya mata. Ba ta zama wuri ɗaya, abu kaɗan ta fashe da ihu, yaron da ya taɓa ta sai ta gartsa masa cizo. Can kuma sai ka tarar da ita ta ɓingire a bakin murhu da ƙosai a hannu. Yaran layinmu suka sa mata suna Injin Niƙa. Iyayensu kuwa a hankali suke faɗin nasu, wai iska ce ke hawanta in ta kwanta, ita ce ke maƙure ta. Yau jikokinmu sun san cewa wani nama ne ke kumbura a maƙogwaron yaro da bayan hancinsa ya tare numfashi, yaron da bai samu barci ba kuma dole ya zama fitinanne, likita na iya cire abin. A lokacin wa zai faɗa mana? Na kai ta wurin wanzami ya cire mata belu, ta yi ta zubar da jini, minshari ko gezau.

Cikin wannan hali Yacouba ya shigo rayuwata. Kada ku yi mini dariya, amma har yau in na ambaci sunansa sai na gyara ɗankwali. Dogo, baƙi, mai wushirya, ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya iya Faransanci kamar ruwa, yana aiki a tashar jirgin ruwa ta Abidjan. Ya zo hutun Sallah ya tsaya sayen wagashi, cukun nonon shanu, a teburina, ya saya, washegari ya dawo ya saya, har Gwaggo ta ce, "Wannan bawan Allah ko dai shanu yake shirin zama, ko kuwa ba wagashi ke kawo shi ba." Kafin ya koma sai da manyansa suka kawo goro. Aka ce aure sai ya dawo bayan azumi.

Ku 'yan yanzu kuna danna waya saƙo ya tafi. Mu kaset ne wayarmu. Mahaifiyarsa, Hajiya Kadidja, mai sayar da atamfa a kasuwar Asigame, tana da rediyo mai kaset. Ka'idar ita ce, Hajiya ta fara magana a fuskar farko, ta ba shi labarin gida da wanda ya mutu da wanda ya haihu. Sai a aiko mini da rediyon da kaset ɗin, ni in juya ɗaya fuskar in yi tawa. Daga hannuna sai hannun Buraima, direban babbar motar da ke zuwa Abidjan. In amsa ta zo, haka ma, fuska ɗaya tata, ɗaya tawa. Nakan rufe ƙofa in kanga rediyon a kunne.

"Ma sheri," haka yake farawa, "yau na ga wata atamfa mai zanen tsuntsaye, na ce wannan jikin Ajaratu take nema. Ya ƙaramar madam? Ki ce mata babanta na zuwa da takalmi mai ƙara."

Babanta. Allah ya sani wannan kalma ita ta fi kashe ni. Sai dai Yacouba bai san komai ba. Abin da ya sani, yarinyar tana da 'yar rigima. Duk ranar da Hajiya za ta leƙo gidanmu, Gwaggo kan tura Meimuna gidan ƙawarta a unguwar Bè tun da safe.

"Ki rufa wa kanki asiri har a ɗaura," inji Gwaggo. "In kin shiga ɗaki kya san yadda za ki yi. Samun irin wannan ga bazawara mai ɗiya, ai sai an tona."

Ranar da zan yi kaset ɗin nan, wata Talata ce da azahar. Gwaggo ta tafi suna. Na yi wanka, na ɗaura atamfata mai ruwan goro, na sa kwalli, na shafa jan baki, har turare na fesa. Kaset ba ya da ido, na sani, amma ku gwada yi wa masoyi magana da zanen aiki ku ji ko murya za ta fito. Ina cikin saka batir sai ga Meimuna an koro ta daga lakwal, bayanta duk shatin bulala. Ana koya musu rawar animasiyo ta jam'iyya, wadda kowane ɗan makaranta sai ya yi, ita kuwa barci ya kwashe ta a tsaye cikin layi. Wata yarinya ta ture ta, ta tashi ta cije ta a kafaɗa. Metires, malamarsu, ta zane ta, ta ce in ta sake yin barci ana waƙar ƙasa, ni za a kira in yi bayani a inda ba na so.

Na shafa mata man kaɗanya, ta yi kukanta har ta gaji, ta kwanta a tabarma bayan labule. Ni kuma na danna jan maɓalli na shiga zuba zance. Na faɗa masa abin da ake faɗa, da wanda ba a faɗa. Wallahi ban ji minsharinta ba. Wanda ɗakinsa ke jikin injin niƙa ai ba ya jin ƙararsa.

Na ba Buraima kaset da la'asar. Ashe motarsa ba ta cika ba, sai ya ƙara kwana uku. Hajiya kuma ta tuna ba ta faɗa wa ɗanta zancen kwanon rufi ba, ta aika aka karɓo kaset ɗin don ta ƙara. Da ya zo hannunta, sai ta juya fuskata. Ko kuskure ne ko ganganci, wannan tsakaninta da Ubangijinta.

Ranar Alhamis da hantsi aka aiko wai ni da Gwaggo mu zo yanzu-yanzu.

Gidan Hajiya na bulo ne, ɗaya daga cikin na farko a sabon Zongo. Falonta da kujeru masu rigar roba, kabad cike da kwanukan tangaran, fanka na juyawa a kan tebur. Na tarar da mata sun kai shida, ƙawayenta na kasuwa da yayarta, kowacce ta sha gwaggwaro da sarƙa. Rediyon na tsakiyar ɗaki a kan kujera 'yar tsugunno, kamar shi ne mai gidan. Na durƙusa na gaishe su. Ba wadda ta amsa sai da hanci.

Hajiya ta danna.

Muryata ta cika falon. "Yacouba na, tun da ka tafi ko abinci ba ya mini daɗi..." Jama'a, in ƙasa na tsagewa don kunya, da ranar ta tsage. Wata ta rufe baki da gefen mayafi tana ƙyaƙyatawa. Wata ta ce, "Oho, ashe haka zawarawan yanzu suke." Na sunkuyar da kai ina jira a gama yankana. Sai Hajiya ta murɗa ƙarar har ƙarshe.

"Ku bar zancen bakinta. Ku saurari bayanta."

A bayan muryata, ga shi nan, a fili. Ja, da gurnani, da shiru, da wata irin shaƙa.

Hajiya ta kashe rediyon, ta juyo ta dube ni tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa.

"Ajaratu, wane ƙato ne kwance a ɗakinki da rana tsaka, kina yi wa ɗana daɗin baki?"

"Hajiya, wallahi tallahi..."

"Kar ki rantse mini. Na yi aure shekara talatin, na san minsharin namiji. Wannan ma ba yaro ba ne, magidanci ne da ya ci ya ƙoshi."

Aka kwashe da dariya. Yayarta ta ce, "Ko kunya, ko tsoron Allah. Ki bari ya fita mana kafin ki danna."

Na waiga wurin Gwaggo. Idonta na ƙasa, tana murza bakin zanenta. Gaba kura, baya sayaki. In na yi shiru, kafin magariba duk Zongo ta ji cewa Ajaratu na ajiye maza a ɗaki, ba Yacouba kaɗai ba, ko mahaukaci ba zai ƙara kallon teburina ba. In na faɗi gaskiya, na tona abin da muka daɗe muna binnewa.

Gwaggo ce ta yanke. "Hajiya, ɗiyarta ce. Meimuna ce."

"Wace Meimuna? Wannan 'yar firit ɗin?" Hajiya ta tafa hannu. "Hussainatu, da girmanki? To shi ke nan, gani ya kori ji. A kawo ta ta yi a gabanmu."

"Hajiya, yarinya ce," na ce. "Don Allah a bar ta."

"Au, a bar ta? To a bar zancen auren ma."

Ni da ƙafata na je na ɗauko ta. Na wanke mata fuska, na sa mata rigar Sallarta mai ruwan hoda, na ɗaura mata ɗan kallabi. Tana ta tsalle a hanya.

"Mma, gidan Baba mai takalmi za mu?"

"Can za mu."

"Zan gaida Hajiya da kyau. Ba zan ciji kowa ba."

Ta kuwa gaishe su da kyau, har ƙasa. Aka zuba mata shinkafa da miya, aka ƙara mata koko mai zafi, kowa na yi mata murmushi yana cewa ci, ci. Yarinyar da ba a taɓa yi wa haka ba, sai washe baki take tana kallona. Aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar falo aka ce ta kwanta ta huta. Ba a sha wahala ba. Yaron da bai taɓa ƙosar da barci ba, ko a kan ƙaya ka ajiye shi zai tafi.

Na matsa zan kwantar da ita a kan haƙarƙari.

"Bar ta a rigingine," inji Hajiya. "Ba ma son gyara."

Falon ya yi tsit, sai fanka. Can bakinta ya buɗe, aka fara. Ja na farko, wata ta ce, "La'ilaha illallahu!" Na biyu, suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Wata ta ce a kira mai masara ya kawo niƙa. Wata ta kwaikwayi ƙarar da hancinta. 'Yata na kwance cikin rigar Sallarta, yawu na gangarowa kan tabarmar Hajiya, manyan mata masu jikoki suna kewaye da ita kamar masu kallon wasan biri a kasuwa. Na tsani kowace ɗaya daga cikinsu, har yau ban daina ba, waɗanda suka mutu ma ban ce na yafe ba.

Sai minsharin ya yanke.

Na san wannan shirun kamar yadda na san sunana. Na yunƙura, sai na ji an riƙe mini zane ta baya. Yayar Hajiya ce.

"Tsaya mu ga abin da aljanin zai yi."

"Ba ta numfashi! Ku sake ni!"

"Shi ne ai muke son gani. Kar ki kore shi."

Ƙirjin Meimuna na ɗagawa yana faɗawa, ramin wuyanta na shiga ciki, ba iska. Yatsunta suka fara motsi a kan tabarma. Leɓenta ya yi duhu. Dariya ta ɗauke, wata ta fara karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, wata ta ja ƙafafunta ta ɗora kan kujera. Ba wadda ta miƙa hannu. Na fizge da ƙarfin da ban san ina da shi ba, zanen ya kwance ya bar ni da ɗan fatari a gaban surukai, na faɗa kanta na juya ta na ɗaga haɓar.

Ta shaƙa da wata ƙara mai ban tsoro, ta zabura, ido a waje. Ta ga fuskoki sun yi mata rumfa. Fitsari ya biyo ƙafarta ya jiƙa rigar da tabarmar. Wata daga cikin matan ta kai hannu za ta tofa mata addu'a a ka, Meimuna ta kama yatsan ta gartsa.

Ihu, salati, a kawo ruwa, a kawo gishiri. Ni dai na rungume 'yata, tana cewa, "Mma, ban sani ba, ban sani ba."

Da ƙura ta lafa, Hajiya ta gyara zaman gwaggwaronta. Muryarta a sanyaye, har da ɗan murmushi.

"To, Ajaratu, kin fita. Ba namiji ba ne, na yarda, kuma duk wanda ya ce miki wani abu ki turo shi wurina. Aure na nan yadda aka sa." Ta nuna Meimuna da leɓe. "Amma wannan abin ba zai kwana a gidan ɗana ba. Ba zan zuba ido a haifa mini jikoki a ɗaki ɗaya da abin da ke hawanta ba. Ai tana da dangin uba a Sokodé. A kai musu kayansu."

"Hajiya, can ba wanda ya san yadda ake juya ta. In ta..."

"Allah ke raya kowa. Ki je ki yi shawara. Gobe bayan Juma'a ina jiran amsa, don Buraima zai tashi, in san abin da zan faɗa wa Yacouba." Ta dubi tabarmar. "Ku tafi da wannan ma, na ba ku."

Duk a gaban yarinyar aka yi. Suna ganin kamar ba ta fahimta.

Gwaggo ce a gaba har muka shiga ɗaki. Ta ajiye tabarmar a bayan ƙofa, ta zauna a bakin gado.

"Baffanta Tchakoura zai karɓe ta. Matarsa na sayar da abinci a tasha, tana neman hannu."

"Gwaggo, matar da ke dukan 'ya'yan cikinta da muciya? Wa zai tashi cikin dare saboda Meimuna?"

"Ke kuma haka za ki ƙare? Dube ki, ƙashin wuya duk a waje. Ni na tsufa, ɗakin nan ba nawa ba ne, ranar da na faɗi ina za ki? Ɗiya dai ta dangin uba ce, ko yau ko gobe." Ta sassauta murya. "Za ki haifi wasu, masu lafiya."

Na sunkuya na shiga cire wa Meimuna jiƙaƙƙiyar rigar.

"Kuma kar ki ce za ki yi mini shiru a gaban Hajiya. Budurwa ce ake ɗaukar shirunta. Ke bazawara ce, da bakinki za ki faɗa."

Ta ɗauki buta ta fita.

Masu karatu, ga inda nake so ku ji ni da kyau, don na san wasu za su cika mini shafi da zagi. Kuna jira in ce na tashi na bi Gwaggo na ce a mayar musu da goronsu. Ban tashi ba. Na zauna ina tuna wushiryar Yacouba, da ɗakin bulo, da yadda zai kasance mutum ya kwanta ya yi barci har asuba ba tare da kunnensa na gadi ba. Na gaji, wallahi na gaji, kuma ina son mutumin nan.

Bayan magariba na shimfiɗa mata tabarmarta na ce ta zo ta kwanta. Ta ƙi. Ta je lungu ta zauna, ta jingina da langa-langa, ta miƙe wuya. Can na ga kanta na rinjaya, sai ta zabura ta mintsini cinyarta. Da abin ya fi ƙarfinta, sai ta sa yatsu ta buɗe fatar idanunta ta riƙe, hawaye na zuba ta gefe.

"Meimuna, mene ne haka?"

"Ba zan ƙara barci ba, Mma. In ban yi barci ba, ba zan yi ƙara ba." Ta haɗiye yawu. "In ban yi ƙara ba, za ki tafi da ni gidan Baba mai takalmi, ko?"

Na buɗe baki in ce mata ba inda za a kai ta, inda nake nan za ta zauna. Kalma ce da kowace uwa ke faɗa ba tare da tunani ba. Sai na mayar da bakin na rufe.

Tana nan tana kallona da idanun da ta riƙe da yatsu, tana jira. Ta jira har hannuwan suka saki suka faɗi kan cinyarta, kanta ya langaɓe, bakin ya buɗe. Barci ya ɗauke ta ban ba ta amsa ba.